Yadda ake auna direbobin rali: gudu, riƙon mota da samun kujera

Masu bibiyar tseren motoci na rali a Kumasi ba su kai masu kallon ƙwallo yawa ba, amma musunsu ya fi zafi, musamman a tsakanin fitocin Suame Magazine da samarin da ke zaman ataya a Aboabo da Asawase. Yawancin musun a wuri ɗaya yake tsayawa: wannan ya ce wane ya zo na biyu, wancan ya ce ai wane ya fi shi cin zanguna. Duka biyun ba sa raba gardama. Matsayin da direba ya gama a kai bai nuna abin da ya faru a kwana uku ko huɗu na tseren ba, kuma shugabannin ƙungiyoyi ba shi kaɗai suke dubawa ba in za su ba direba mota, abin da ake kira kujera. Akwai lissafin da kowa zai iya yi da waya da littafin rubutu, wanda zai kai shi kusa da abin da su suke gani.

Kayan aikin kaɗan ne. Kana bukatar lokutan kowane zango, wato kowane yankin hanya da aka rufe ake ɗaukar lokaci a kansa, da tsawonsa a kilomita, da jerin yadda motoci suka tashi a ranar. Shafin gasar duniya ta WRC yana da su, shafin eWRC-results kuma yana ajiye da na shekaru masu yawa har da ƙananan gasanni. Rali ɗaya na gasar duniya yakan kai kilomita 300 ko sama da haka na tsere, a raba shi zango 15 zuwa 25, kuma yawancin zanguna sau biyu ake bin su, da safe da kuma bayan an duba motoci da rana.

Gudu: sakan nawa a kowace kilomita

Kada ka kwatanta tazarar zango da ta wani zango kai tsaye. Sakan 8 a zango mai kilomita 8 babbar asara ce, sakan 8 a mai kilomita 30 kuwa ba su kai haka ba ko kusa. Mayar da kowace tazara zuwa sakan a kilomita. A ɗauka zangon kilomita 20 ne, mafi sauri ya yi minti 12 cif, naka direban ya yi minti 12 da sakan 8. Ka raba 8 gida 20, ka sami 0.4. Adadin kamar ƙarami, amma ka ninka shi da kilomita 300 ka gani: sakan 120, minti biyu ke nan, a wasan da aka taɓa raba na ɗaya da na biyu da sakan 0.2, kamar yadda Sebastien Ogier ya yi wa Jari-Matti Latvala a Jodan a 2011, kuma Ott Tanak ya yi wa Ogier a Sardiniya a 2024.

Kuskuren farko da ake yi a nan na lissafi ne zalla. Mutum ya ga 12:08 da 11:55 ya debe su kamar kuɗi, ya ce tazarar 53 ce. Minti sakan 60 ne, ba 100 ba. Ka fara mayar da kowane lokaci sakan, 728 da 715, tazarar 13 ce.

Kafin ka haɗa jimla, sai ka tsince zangunan da ba su da tsabta. Ka cire wanda taya ta fashe a cikinsa, da wanda injin ko giya ko birki suka ba da matsala, da wanda aka tsayar saboda haɗari aka ba sauran motoci lokacin ƙiyasi. Ka cire gajerun zangunan nuna wasa da ake yi a cikin gari ko filin wasa, masu kilomita biyu ko uku, domin ba wanda ke cin rali a nan. Ka yi hattara da ranar ƙarshe: wanda ke gaba da minti guda ba ya taka mota, lallaɓa ta yake ya kai ta gida, wani kuma ƙungiya ce ta ce masa ya tsaya a matsayinsa. A shekarun da suka gabaci 2024 direbobi da yawa sukan tafi a hankali da safiyar Lahadi don su adana taya saboda zangon ƙarshe mai ƙarin maki, wanda ake kira Power Stage, don haka lokutan Lahadi na waɗannan shekarun ba abin dogaro ba ne.

Abin da ya rage, ka jera shi daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, kada ka haɗa ka raba. Misali: 0.1, 0.2, 0.2, 0.3, 0.3, 0.4, da 5.0 na zangon da ya juya a kwana ya ɓata lokaci. In ka haɗa ka raba bakwai za ka sami kusan 0.9, wanda bai yi kama da gudunsa ba ko kaɗan. Na tsakiya 0.3 ne, kuma shi ne gudunsa na gaskiya. Wancan 5.0 ɗin ba a yar da shi ba, yana da gurbinsa a lissafi na biyu.

In za ka kwatanta rali da rali kuwa, sai ka koma kashi cikin ɗari. A Finlan, inda matsakaicin gudu ke wuce kilomita 120 a awa, kilomita ɗaya sakan 30 take ci, don haka 0.3 kashi ɗaya ne cikin ɗari. A hanyar duwatsu mai yawan kwana da ake tafiya kilomita 80 a awa, kilomita ɗaya sakan 45 ce, 0.3 ɗin bai kai kashi ɗaya ba. Wanda aka bari da 0.3 a Finlan ya fi nisa da na gaba a kan wanda aka bari da 0.3 a Girka.

Wa ya fara shiga hanya

A nan ne masu kallo suka fi zaluntar direbobi. A ranar farko ta cikakken tsere, wanda ke kan gaba a teburin gasa shi ke fara tashi, na biyu ya bi shi, haka har ƙasa. Daga rana ta biyu sai a juya, a bi matsayin ralin daga baya zuwa gaba. A busasshiyar hanyar burji, saman hanya cike yake da sako-sakon tsakuwa da yashi, motar farko tana zamewa a kai tana share wa na baya, kamar mai fara bin hanyar gona da asuba da ke kaɗe wa sauran raɓa. Mota ta bakwai ko ta takwas tana samun layi a share, tayarta na cizon ƙasa mai tauri. A Fotugal da Sardiniya da Girka wannan kaɗai yana iya cinye wa na farko sakanni masu yawa a zango guda, ba don ya rage gudu ba.

A kwalta abin juyawa yake. Kowace mota tana yanke kwana ta sa taya a gefen hanya, ta jawo laka da tsakuwa bisa kwalta, na baya shi ke shan wahala. In aka yi ruwa a hanyar burji ma, na gaba yakan fi jin daɗi, domin hanyar ƙara caɓewa take yi. Ga kuma ƙura: in iska ta kwanta, ƙurar motar gaba takan tsaya a tsakanin itatuwa, irin wadda muke gani a hanyoyin jar ƙasa lokacin hunturu, na baya ya shiga cikinta bai ga kwana ba.

Shekarar 2024 ta nuna wannan ƙarara. Thierry Neuville ya hau kan tebur tun daga Monte Karlo bai sauka ba, don haka shi ya yi ta share hanya duk Juma'a, ya ci rali biyu kacal. Kalle Rovanpera, wanda bai shiga dukkan zagayen gasar ba, wato ba kowane rali ya je ba, yana tashi daga baya, ya ci huɗu. Ogier, shi ma a lokacin ba kowane zagaye yake zuwa ba, ya ci uku. Wanda ya ƙirga nasarori kawai zai ce Neuville bai da gudu, alhali shi ya ɗauki kambun. Haka Dani Sordo, da Hyundai ke ba shi mota a wasu zagaye kawai, ya ci Sardiniya a 2019 da 2020, kuma matsayin tashinsa ya taimake shi. Wannan bai rage masa daraja ba, ƙungiyarsa da gangan ta tsara hakan.

Gyaran shi ne ka rubuta lambar tashin kowa kusa da lokacinsa. Ka kwatanta direba da waɗanda suka tashi dab da shi, mota ɗaya ko biyu gaba ko baya. Ka fi ba lokutan bi na biyu na zango nauyi, domin a lokacin hanya ta sharu ga kowa, ko da yake ramuka da duwatsun da suka tono suna kawo tasu fitinar. Ranar Asabar ta fi Juma'a faɗin gaskiya a tsakanin na gaba-gaba, tunda suna tashi kusa da juna.

Ma'auni mafi adalci shi ne abokin ƙungiya, mota iri ɗaya, taya iri ɗaya, injiniyoyi ɗaya. Kada ka taɓa haɗa lokacin motar Rally1, wato ta babban rukuni, da ta Rally2, ta rukunin da ke ƙasa da shi, a layi guda. Ta farkon tana da ƙarfin doki kusan 380, a 2022 zuwa 2024 kuma da ƙarin na lantarki takan kai 500, ta biyun kuwa kusan 290. Ka lura da canjin kamfanin da ke ba gasar taya ma: Pirelli ce daga 2021 zuwa 2024, Hankook ta karɓa a 2025, kuma ba kowane direba ne ya saba da sabuwar da wuri ba.

Riƙon mota

Gudu ba ya cin gasa shi kaɗai. A 1992 Didier Auriol ya ci rali shida, ya gama na uku, Carlos Sainz mai huɗu ya ɗauki kambu. A 2001 Richard Burns ya zama zakara da nasara ɗaya tak. A 2017 Neuville ya ci huɗu, Ogier biyu, amma Neuville yana kan gaba a Monte Karlo ya karya ƙafar mota, yana kan gaba a Suwidin ya bugi shinge a ɗan gajeren zangon nuna wasa ya lalata sitiyari, kambun ya tafi wurin Ogier. Latvala ya ci rali 18 a rayuwarsa bai taɓa zama zakara ba.

Ka buɗe shafi na biyu a littafinka. Duk zangon da direba ya yi asarar fiye da sakan 20 a kan gudunsa na yau da kullum, ka rubuta shi, ka sa masa ɗaya daga cikin alamomi uku: laifin direba, laifin mota, ko abin da ba hannun kowa. Juyawa a kwana, faɗawa rami, bugun itace, tashi kafin lokaci, duk na direba ne. Mutuwar injin ko giya na mota ne. Dabba a hanya ko ruwan sama da ya sauko wa mota ɗaya ya bar sauran, wannan ƙaddara ce.

Fashewar taya ita ce mai wuyar hukunci, kuma nan ya kamata ka daɗe. Direba yakan ce bai san abin da ya taka ba. Wani lokaci gaskiyarsa ne, motar gaba ta tono dutse ta ajiye masa a tsakiyar layi. Amma in ka ga mutum ɗaya tayarsa na fashewa rali bayan rali, abokan ƙungiyarsa kuwa lafiya lau, to yana yanke kwana fiye da kima ne ko yana barin bayan motar ya bugi gefen hanya. Ka nemi bidiyon cikin motar ka duba inda ya sa tayar gaba ta ciki. Fitan da ya saba kwance ƙafar mota ya san bambancin ƙarfen da ya gaji ya karye da wanda aka buga wa dutse, kuma irin wannan idon ake so a nan. Karyewar ƙafar baya da ta fitar da Neuville daga ralin Safari na Kenya a 2021, yana kan gaba a safiyar ranar ƙarshe, misali ne na abin da sai an duba da kyau kafin a ɗora wa wani.

Kalmar "ya gama" ma tana ruɗi. Doka ta yarda motar da ta tsaya a gyara ta ta dawo washegari, a ƙara mata minti 10 a kan kowane zangon da ba ta yi ba. Don haka mutum zai iya bayyana a jerin waɗanda suka gama alhali ya kifar da mota ranar Juma'a. Kai ka ƙirga ralin da ya bi dukkan zangunansa ba tare da alamar laifinsa ko ɗaya ba. Wannan adadin, a kan yawan ralin da ya shiga, shi ne riƙonsa.

Ka duba lokacin da kuskuren ke zuwa. Wanda ke kuskure yana na takwas ba kowa a bayansa, hankalinsa ne ke tafiya. Wanda ke yi yana kan gaba ana matsa masa, matsin ne bai iya ɗauka ba tukuna. Elfyn Evans ya je zagayen ƙarshe na 2020 a Monza ta Italiya yana gaba da maki 14, ya zame a dusar ƙanƙara, kambun ya kuɓuce. Kuskure ɗaya ne, amma a ranar da ta fi kowace tsada.

Ga matasa akwai wani gwaji mai amfani ƙwarai. Ka raba lokutansu gida biyu, bi na farko da bi na biyu na zango. Kafin rali ana barin direba da mai karanta masa hanya su bi kowane zango sau biyu kacal a hankali, su rubuta kowace kwana da tudu da gada. Yaron da ke baya da 0.8 da safe, ya dawo 0.3 da rana, hannunsa yana da kyau, rubutun hanyarsa ne bai nuna ba ko bai yarda da shi ba tukuna, kuma wannan yana gyaruwa da shekaru. Wanda tazararsa ba ta motsi safe da yamma, wataƙila iyakarsa ke nan. In an sauya mai karanta hanya, ka ba su rali biyu ko uku kafin ka yanke hukunci.

Kada ka kwatanta makin shekara da na wata shekara kai tsaye, domin tsarin ya sauya. Zuwa 2023 na ɗaya 25 yake samu, na biyu 18, na uku 15. A 2024 an raba makin tsakanin matsayin Asabar da na Lahadi. A 2025 aka koma 25, 17, 15, da ƙarin maki biyar ga mafi sauri a Lahadi da biyar na Power Stage.

Kujera

Kujerun kaɗan ne. Ƙungiyoyi uku ne suka riƙe babban rukuni tun 2022: Toyota mai mazauni a Finlan, Hyundai a Jamus, da M-Sport a Ingila mai amfani da motocin Ford. Motocin babban rukuni a rali ɗaya ba su cika wuce goma da 'yan kai ba. A gasar kamfanoni kowace ƙungiya tana zaɓen mota uku, biyun da suka fi ne ake ƙirga makinsu. Wannan dokar ita ce mabuɗin fahimtar yadda ake zaɓe. Kujera ta farko ta mai neman kambu ce. Ta biyu ta wanda zai iya cin rali kuma ya kawo maki kullum. Ta uku kuwa inshora ce: in ɗaya daga cikin biyun ya faɗi, dole mai ita ya kasance yana nan a na huɗu ko na biyar. Matashi mai wuta da ke kifar da mota ba ya biyan wannan bukata, ko da ya fi kowa cin zango. Citroen ta sallami Kris Meeke a tsakiyar 2018 bayan haɗarinsa a Fotugal, ta kuma faɗi a fili cewa yawan haɗari ne dalili, alhali ya ci mata rali biyar.

Saboda haka tambayar ba "wa ya fi gudu" ba ce, tambayar ita ce wace kujera ce babu kowa a kai, kuma me ake nema a wurin mai hawanta. Ka duba kwantiragin wa ke ƙarewa, wa ke son rage zagaye, wa zai bari. Ka duba aljihu: M-Sport kamfani ne mai zaman kansa, ba shi da kuɗin sauran biyun, don haka direban da ya zo da masu ɗaukar nauyinsa yana da ƙofa a can. Ka duba alaƙa: Takamoto Katsuta ɗan Japan ne da ya taso a shirin Toyota na horar da matasa, an yi haƙuri da shi fiye da yadda za a yi wa baƙo. Wani lokaci kuma ba laifin kowa, kamfani ne ke tattara kayansa. Andreas Mikkelsen ya ci ralin Ostireliya a ƙarshen 2016, Volkswagen ta fice, ya shiga 2017 ba shi da kujera.

Kada ka binne wanda aka saukar. Evans an mayar da shi ƙaramin rukuni a 2016, ya ci gasar Birtaniya, ya dawo ya ci ralin Wales a 2017. Adrien Fourmaux ya yi ta haɗari a 2022, aka mayar da shi Rally2 a 2023, ya dawo a 2024 ya shiga ukun farko sau biyar, Hyundai ta ɗauke shi. Oliver Solberg ya rabu da Hyundai bayan 2022, ya koma WRC2, gasar motocin Rally2, Toyota ta ba shi babbar mota sau ɗaya a Estoniya a 2025, ya ci ralin. Abin dubawa a irin waɗannan shi ne shafin nan na biyu: shin alamomin laifinsu sun ragu ba tare da gudun ya ragu ba? Shekaru ba su da hukunci ɗaya. Rovanpera ya zama zakara a 2022 yana da 22, Sebastien Loeb ya ci Monte Karlo a wannan shekarar yana da 47.

Ga mai auna matasa, a WRC2 ka kwatanta su da tsofaffin hannu da suka taɓa tuƙa babbar mota suka sauko, domin su ne ma'aunin da ƙungiyoyi suka sani. Ka raba lissafin bisa ƙasa: burji mai gudu, burji mai duwatsu, kwalta, ƙanƙara. Wanda ya iya ƙasa ɗaya tak sai dai a ba shi mota a zagaye biyu ko uku. Sami Pajari ya bi tsanin a jere, zakaran matasa a 2021, zakaran WRC2 a 2024, sannan kujerar Toyota a 2025.

Direbobin Afirka suna bukatar ƙarin kula a wannan lissafi. A gasar nahiyar, wadda ralin Bandama na maƙwabciyarmu Kwaddibuwa ke cikin tsofaffin zagayenta, motocin Rally2 kaɗan ne ke haɗuwa, sai ka ga na ɗaya ya ba na biyu mintuna, kuma wannan tazarar ba ta gaya maka matsayinsa a duniya. Wurin auna su shi ne Safari na Kenya, da ya dawo gasar duniya a 2021, inda irin su Karan Patel ke bin zango ɗaya da 'yan WRC2 a mota ajinsu ɗaya. Ka zaɓi zangunan da ba wanda ya sami matsala, ka bar masu zurfin yashi da ke shaƙe injin, ka fitar da sakan a kilomita tsakaninsu da mafi saurin Rally2. Kenya tana gaban Gana da awa uku, don haka zangunan safe na Naivasha, inda ake yin Safari, wajen sallar asuba suke farawa a agogon Kumasi, lokutan da ake ɗauka a tsakiyar zango kuma a sa'ar ake samunsu kai tsaye, ka rubuta su tun da zafinsu.